Damuwa da kwalba: shaidar ɓera, biri da sa

A wannan mako filin namu zai leƙa ɗakunan binciken masana, inda ake tambayar dabbobi abin da mutum ba ya son faɗi da bakinsa. Tambayar tsohuwa ce: me ya sa wanda duniya ta matsa wa yake neman abin da zai gusar masa da hankali, kuma me ya sa in ya fara ba ya iya tsayawa? Amsar da aka saba bayarwa a majalisa ita ce rashin tarbiyya da raunin imani. Ba a musun haka, addini ya haramta, magana ta ƙare. Amma akwai abin da ke gudana cikin ƙwaƙwalwa wanda ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su sani, tun da su ne damuwa ta fi yi wa sallama.

A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa duk irin wahalar da ya gwada wa ɓeraye, ko sanyi, ko rauni, ko gajiya, jikinsu amsa ɗaya yake bayarwa: wasu ƴan ƙullutu biyu da ke bisa ƙoda su kumbura, ciki ya yi gyambo. Waɗannan ƙullutu su ke zuba wa jini sinadarin da a jikin mutum ake kira kortizol. Aikinsa alheri ne in haɗari na ɗan lokaci ne, don shi ke tara wa jiki ƙarfin gudu ko faɗa. Illar tana zuwa ne in haɗarin ya ƙi wucewa. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994, ya san wannan ba sai an fassara masa ba. Haka fataken Maraɗi da aka rufe wa iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka kuma sake rufewa a 2023. Haka manomin Gidan Amumune da ya ga rumbu wayam a 2005, tiyar hatsi tana hawa kullum safiya.

Shekara goma bayan Selye, a Shikago ta Amurka, Jules Masserman ya koya wa kyanwoyi buɗe akwatin abinci, sa'an nan ya riƙa busa musu iska mai ƙarfi a fuska duk sa'ad da suka kai baki. Suka firgice, suka ƙi abinci. Da aka ajiye musu madara iri biyu, tsura da mai giya, da yawa cikin firgitattun suka zaɓi mai giyar, alhali kyanwa mai lafiya ba ta kula ta. Mugun gwaji ne, yau da wuya hukuma ta yarda a yi irinsa, amma shi ya buɗe ƙofa.

Dalilin wannan zaɓi ba boyayye ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ake kira GABA, wanda aikinsa kamar na birki ne, yana lafar da jijiyoyi. Giya tana ƙara masa ƙarfi, shi ya sa mai sha yake jin nauyin ƙirji ya sauka. Tana kuma sa a saki dopamin, sinadarin da ke ce wa mutum abin nan da daɗi, a sake. To a nan ne gizo ke saƙa. A 2016 masana a ƙarƙashin John Dani na jami'ar Pensilbaniya suka tsare ɓeraye cikin matsattsen wuri awa guda kacal. Bayan awa 15 aka ba su giya, aka auna dopamin. Sai aka ga ɓeran da aka matsa wa bai sami dopamin kamar na wanda aka bari lafiya ba. Daɗin ya ragu. Mai karatu zai zaci ai sai ya haƙura. Ina! Shan ya ƙara yi, har tsawon makonni, kamar mai bin bashin da ba za a biya shi ba. Da aka toshe wa sinadarin damuwa hanya kafin a tsare ɓeran, ƙarin shan bai faru ba.

Sa'an nan giyar da kanta takan zama uwar damuwa. George Koob da abokan aikinsa a Kalifoniya sun nuna cewa ɓeran da ya saba da ita, in aka yanke masa, wani sinadarin faɗakarwa mai suna CRF yana cika sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da tsoro. Ɓeran ya riƙa raɓewa a lungu, yana ƙin fili. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Wanda ya taɓa ganin mashayi da safe, hannu na rawa, yana faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ga wannan ɓera da rigar mutane.

A ganina, gwajin da ya fi cancantar iyaye su tsaya a kansa na birai ne. A 1991 Dee Higley da Stephen Suomi, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka kwatanta birai iri biyu: waɗanda uwa ta rena, da waɗanda aka raba da uwa tun suna jarirai suka tashi cikin tsaransu. Da suka girma aka ba kowa giya mai zaƙi. Marasa uwa suka fi sha nesa ba kusa ba. Amma da aka ware ƴaƴan uwa aka kulle kowane shi kaɗai, su ma shansu ya hau har ya kamo na marayun. Ke nan raunin ƙuruciya yana bin biri har girma, kaɗaici kuma yana iya karya wanda aka rena da kyau. Ƙasarmu ta ƴan cin rani ce. Daga Mayahi da Tasawa samari kan tafi Kano, Legas, Agadas, har Libiya da Aljeriya, su kwana a tasha, ba uwa ba dangi. Ƙananan yara kuma ana kai su birni tun ba su iya wanke riga ba. Ban ce mutum biri ne ba, amma wanda ya karanta wannan bincike zai dubi yaron tasha da wani ido.

Kada dai a ɗauka masana sun gama. Magungunan da ke toshe CRF sun hana ɓeraye koma wa giya, amma da aka gwada su ga mutane a Amurka a 2015 da 2016 ba su rage musu ƙishirwarta ba. Ɓera ba shi da bashi a kasuwa, ba shi da suruka, ba ya jin kunyar maƙwabta.

Wani zai ce mu nan karkara giya ba ta dame mu ba, ta ƴan birni ce. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kwalbar talaka yanzu ƙwaya ce, tramol, da ake sayarwa a tire ranar kasuwa kusa da goro da ashana. Ɗan dako na sha, ɗan kabu-kabu na sha, mai noma na sha don kada ya ji rana. Maganin ciwo ne dangin ofiyom, kuma ƙofar dopamin ɗin nan da giya ke ƙwanƙwasawa ita yake bi. Har dabbobi an sa a ciki, ba da izinin wani masani ba. A 2013 masu bincike daga Grenoble ta Faransa suka ba duniya mamaki, suka ce sun sami tramol a saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru, wato itace ke yin maganin da kamfanin Jamus ya ƙirƙiro. Aka yi ta murna. Shekara guda bayan haka masanan jami'ar Dortmund suka bi sawu har arewacin Kamaru, suka tarar manoma na ba shanun huɗa ƙwayar don su yini suna aiki cikin zafi. Fitsarin shanun da kashinsu ne suka shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. A kudancin ƙasar, inda ba a ba shanu tramol, saiwar tafashiyar da suka tono ba ta da ko ɗigo.