Sabuwar Taransifoma Kaɗai Ba Za Ta Gyara Mana Wuta Ba

Yau ba saitin waya za mu yi ba, maganar abin da ke cajin wayar za mu yi.

Idan kana Kazaure, Ɓaɓura, Roni ko Gwiwa, ka san yanayin nan: an kawo wuta, amma ƙwan ɗaki ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar, firji yana gurnani. Da an zauna a majalisa, sai ka ji an ce, "Ai taransifoma ce ta yi mana kaɗan, a haɗa kuɗi a sayo babba." Ni a ganina, sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin yadda aka zana hanyar wutar tun farko.

Bari ka ga yadda abin yake. Kamfanin TCN ne ke ɗauko wuta a manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330 da 132. Daga nan KEDCO, mai raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa tun 2013, yake ɗaukarta a layin kilobolt 33 ko 11, taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa kimanin bolt 230 da ke shiga soket ɗinka. Duk tsawon waya, wuta tana raguwa a hanya. Kuma idan lodin da ke bin waya ya ninka biyu, asarar da ake yi a cikinta ninkawa huɗu take yi. Shi ya sa gidan da ke gindin taransifoma yake shan sanyin firji, na ƙarshen layi kuwa ko caji ba ya samu da kyau. Ka kawo babbar taransifoma ka bar siririyar waya mai tsawo, na ƙarshen layi yana nan inda yake.

To me ya kamata mu nema? Abu huɗu.

Na farko, ƙananan taransifomomi da yawa kusa da gidaje, maimakon babba guda ɗaya ga unguwa sukutum. Wayar ƙaramin ƙarfi ta gajarta, asara ta ragu, in ɗaya ta ƙone gidaje kaɗan ne za su kwana a duhu.

Na biyu, gari ya samu hanya biyu. Layin karkara yawanci kamar reshen bishiya yake: iskar farkon damina ta kayar da turke ɗaya, duk garuruwan da ke bayansa sun shiga duhu. Idan an haɗa layuka da makunnin sauyawa, sai a killace wurin da ya lalace, a ba sauran wuta ta ɗaya ɓangaren. Ka tuna Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layuka ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Darasin ɗaya ne, babba da ƙarami.

Na uku, mita a kowane gida, da mita a jikin kowace taransifoma mai aika bayani ta layin waya. Da ita za a san wadda lodi ya yi wa yawa kafin ta ƙone, ba sai hayaƙi ya tashi ba.

Na huɗu, a yi wa sola gurbi. Rana dai Allah ya hore mana. Dokar NERC ta yarda a kafa ƙaramar tashar sola da ke haɗe da layin kamfani: sola da batir su riƙe gari idan babban layi ya ɗauke. An yi irin wannan a Zawaciki ta Kano. Me zai hana kasuwar Ɓaɓura ko harabar Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure?

Na san za ka ce wannan ai kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma kamfani ba zai zuba kuɗi inda ake satar wuta ko ba a biya ba. Wannan namu ne mu gyara. Amma ka lissafa abin da mai walda, mai niƙa da mai cajin waya suke kashewa a fetur tun cire tallafi a 2023. Muna biyan kuɗin duhun nan tuni. Ga kuma lodi yana ƙaruwa: jami'ar fasaha a Ɓaɓura, injinan ban ruwa, babura masu caji suna shigowa.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Don haka maganar ba ta Abuja kaɗai ba ce, ta Dutse ce ma. Idan ɗan siyasa ya zo da taransifoma a bayan mota, ka yi godiya, sannan ka tambaye shi: gidaje nawa za ta ɗauka, wace irin waya za a ja, kuma an lissafa lodin shekara 10 masu zuwa?

Kafin nan, in ka ga ƙwai ya yi ja, cire cajarka da firjinka daga soket. Allah ya ba mu wuta mai ɗorewa.