Ba Hannun Yaron Ke Rawa Ba

A shagunan kwamfuta na Sabon Birni da Isa, inda ake buga takardu, a cike fom, a kuma koya wa yara danne-danne kafin jarrabawar JAMB, hukunci biyu ake yankewa duk lokacin da kibiyar nan ta kan allo ta kama rawa. In yaro ne a zaune, sai a ce hannunsa ne: ɗan ƙauye ne, bai saba ba, tsoron na'ura yake ji. In kuwa mai shagon ne da kansa, to bairos ne ya shiga, a kira mai gyara ya wanke kwamfutar tas. Daga nan kuma magani ɗaya ake rubutawa: a aika Sakkwato ko Farm Centre ta Kano a sayo maus mai tsada irin na 'yan wasan gem, mai leza, mai fitilu kala-kala, wanda aka zana wa dubban DPI a jikin kwali. Ni a ganina duka ukun ɓata ne, kuma na ukun ya fi muni, domin shi ne yake cin kuɗi sannan ya ƙara wa cutar ƙarfi.

Kifa maus ka duba cikinsa. Wannan ɗan ramin da kake gani ido ne, 'yar kyamara ce da ke ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinta sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana gwada hoton yanzu da na ɗazu don ta gane ina aka nufa da ita. Ba ta san hannu ba, tebur kawai ta sani. Maus na yau da kullum, irin wanda Microsoft ya yayata a 1999, da ƙaramar fitila yake haska tebur ta gefe, sai gargadar wurin ta yi inuwa, idon ya bi inuwar. A 2004 Logitech ya fito da MX1000 mai amfani da leza, aka yi ta shela cewa zamanin fitila ya wuce. Hasken leza ya fi kaifi, gaskiya ne, yana tono abin da fitila ba ta gani, har zaren ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. To a nan gizo yake saƙar. Idon da ke ganin komai yana ganin har abin da ba a aike shi ba, ya ɗauki gashin ƙyalle da ƙwayar ƙura a matsayin motsi. Sai ka ga kibiya tana makyarkyata alhali hannu na tafiya a natse.

'Yan wasan da aka ƙera wa waɗannan kaya su suka fara juya musu baya. Idanun leza na kamfanin Avago, ADNS-9500 da ADNS-9800, sun yi ƙaurin suna da cewa tafiyar kibiya tana sauyawa gwargwadon saurin hannu: ka ja inci biyu a hankali ta tsaya nan, ka ja inci biyun da sauri ta tsaya can. Na Philips da ake kira Twin-Eye, wanda Razer ya sa a wasu mausansa, kibiyarsa kan yi tsalle in an ɗaga maus an ajiye, kuma 'yar ƙura kaɗan ta isa ta rikita shi. Da Logitech ya tashi fitar da G502 a 2014, ido mai fitila ya sa masa. Yau kusan duk manyan mausan gasa masu fitila ne. Wato abin da ɗan kasuwa yake tallata mana a matsayin sabon yayi, masu shi sun ajiye shi tun tuni.

Balle ma da yawa daga cikin na kasuwanninmu sunan leza kawai suka ara. Hasken lezar maus ba ya ganuwa da ido. In ka kifa shi ka ga jan haske yana ƙyalli, fitila ce, kome aka rubuta a kwali.

Sai batun lambar nan da ke ruɗar mutane. DPI na nufin ɗigo nawa kibiya za ta matsa in hannu ya matsa inci ɗaya. Yawancin tsofaffin kwamfutocin cinya da ke shagunanmu faɗin allonsu ɗigo 1366 ne. A kan 800, sai hannu ya yi tafiyar kusan santimita 4 kafin kibiya ta ƙetare allon. A kan 16,000, kusan milimita 2 ta wadatar, abin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ka ɗora wannan a hannun yaron da ya zo daga Gatawa ko Tsamaye, yau ne zamansa na farko gaban allo, ka ce ya saita kibiya cikin ɗan da'irar da ke gefen amsa. Daidai yake da ka ba mai koyon babur mashin ɗin da ana taɓa totur yake zabura, ya faɗi, ka ce ƙafarsa ce gajera. Gwanayen wasan Counter-Strike, waɗanda abincinsu ke kan daidaiton kibiya, da yawansu a kan 400 ko 800 suke wasa. Su ba su ga abin kunya a ƙaramar lamba ba, sai mu da aikinmu bai wuce buɗe takarda da danna amsa ba.

Na taɓa tsayawa a bayan wani yaro a irin waɗannan shaguna cikin hunturu. An shimfiɗa wa teburin leda mai sheƙi mai zanen furanni, hazo ya bi ta taga ya kwanta a kanta har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Yaron ya riƙe maus da hannu biyu, ya cije leɓe, kibiya na tsalle daga B zuwa D. Mai koyarwa ya daka masa tsawa: "Kai wanga yaro, natsu mana!" Ya ce, "Malam, ba ni na ba, ita ka tafiya da kanta." Aka yi dariya. Da aka ɗaga maus ɗin, sai ga silin gashi ya gitta bakin idon, ƙura ta yi masa kwalli. An naɗa auduga a tsinke an share, an ciro kwalin bayan wani tsohon littafi an shimfiɗa, an danna maɓallin da ke bayan 'yar tayar har lamba ta sauko. Kibiya ta tsaya cak. Ba wanda ya ba yaron haƙuri.

Abin da ya rage duk cikin kwamfutar yake, kuma bai kai a wanke ta ba. A Windows, ma'aunin saurin kibiya yana da matakai 11, na shida ne yake barin motsi yadda ido ya aiko shi; in aka wuce nan, kibiya tsallake ɗigo take yi. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan akwati da ke ƙara wa kibiya gudu in hannu ya yi sauri, wanda ke hana mai koyo sanin inda za ta tsaya. A cire alamar da ke ciki. Maus na gasa yakan aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa, na ofis sau 125, kuma tsohuwar kwamfutar da ke numfashi da kyar ta fi jin daɗin na biyun. Marar waya kuwa, batir mai rauni kaɗai ya isa ya sa shi sarƙewa. Akwai ma wata da masu janareto suka sani: caja mai arha takan sa faifan yatsa na kwamfutar cinya ya haukace, kana zare ta ya dawo hayyacinsa. Bairos na iya sa kwamfuta nauyi, ban musa ba. Amma kafin a biya kuɗin wanki a rasa takardun mutane, me zai hana a soka maus ɗin a wata kwamfutar a ga ko rawar ta bi shi?

Masu kare leza za su ce ai ta fi aiki a tebur mai santsi, inda fitila ke makancewa. Sun yi gaskiya, har Logitech ya fitar da wata fasaha mai suna Darkfield a 2009 da ke aiki a kan gilashi. Sai dai wannan matsala ce da kwalin sabulu ke magancewa kyauta. Wasu kuma za su ce tun 2017 JAMB ta sauƙaƙa, ana iya amsa tambayoyi da haruffa takwas ba tare da an taɓa maus ba. Haka ne. Amma fom ɗin shiga makaranta da na neman aiki ba su san haruffa takwas ba, ga shi kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta ce tana son WAEC da NECO su ma su koma kan kwamfuta.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan ƙaramin abu da zafi shi ne wurin da ake yin sa. Isa da Sabon Birni na cikin ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato da aka katse wa layin waya a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga. Nan ne mutane ke ƙetarawa jihar Maraɗi gudun hijira, nan ne tafiya Sakkwato ta zama abin da ake yi da addu'a a baki. Yaron da ya tsallake duk wannan ya zo ya zauna gaban kwamfuta, sau da yawa da kuɗin da aka sayar da akuya ko buhun gero, bai cancanci ya tashi da tunanin cewa hannunsa ne bai dace da boko ba. Kuma kayan da sai an yi kasadar hanya kafin a sayo shi, ya kamata a ce ana buƙatarsa.

Ɗora wa yaro laifin na'ura ba halin masu shago kaɗai ba ne. Da sakamakon JAMB na 2025 ya fito, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, aka yi ta faɗin cewa yaran yanzu ba sa karatu, wayar hannu ta cinye su. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ce ta shafi cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ɗalibai 379,997 suka cancanci sake zama. Can iyaye da lauyoyi da 'yan jarida suka tayar da jijiyar wuya har aka buɗe na'urorin aka duba. A shagon Isa, in mai koyarwa bai kifa maus ya duba cikinsa ba, babu mai yin hakan a madadin yaron.