A Tura Malami Ɗakin Jinyar Yara

Tun daren 11 ga Disamban 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, duk zancen abin da ke raba yaranmu da aji kan tsaro yake tsayawa. Da gaskiyar masu faɗa. Sai dai akwai wani ɓarawon karatun da ba ya zuwa kan babur, wato doguwar jinya.

Yarinya ta ƙone a Sabuwa, ko yaro ya karye a Faskari. Ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida, a tura su Funtuwa, in abin ya ƙi a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin Shika. Makonni su shuɗe, wani ma zango guda. Mai sikila ya fi ba ni tausayi, don shi ba sau ɗaya ba ne. Da hunturu ya kama, sai gado. Ran da ya dawo aji, 'yan'uwansa sun yi nisa a lissafi, ya faɗi jarrabawa, a kira shi daƙiƙi. A gida kuma a ce, "Dama ba shi da ƙoshin lafiya, a bar shi ya huta." Hutun ke nan har abada, balle in 'ya mace ce.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ba ta ware na kan gadon asibiti ba. A Landan, asibitin yara na Great Ormond Street na da makaranta a cikinsa tun 1951. Mu ba gini nake roƙa mana ba.

Roƙona ga gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa shi ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta tura malami ɗaya ɗakin yara na manyan asibitocin Ƙanƙara da Funtuwa, ya riƙa zagayawa bayan likita ya gama nasa zagayen, ya ba wanda jikinsa ya yi sauƙi ko da rabin awa. Hedimasta kuma kada ya soke sunan majinyaci daga rajista. Ya aika da aikin aji ta wayar mai jinya, in an sallamo yaron a ba shi damar rubuta jarrabawar da ta wuce shi.