Shuɗin madubi na tekun Fulorida ne, ba na masuncin Kainji ba

Duk wanda ya nemi tabaran kamun kifi a AliExpress ko Jumia, ko ya tsaya gaban allon mai sayar da gilasai a kasuwa, da abu ɗaya zai fara cin karo: gilashi mai shuɗin madubi, yana ta walƙiya. A TikTok kuma ga bidiyon tallarsa. Za a nuna ruwa yana ƙyalli ba a ganin komai, a ɗora gilashin a gaban kyamara, sai ga kifaye suna kai da kawo a ƙasa. Bidiyon ba ƙarya ba ne. Abin da ba a faɗa shi ne irin ruwan da aka ɗauke shi a kai, ruwa garai-garai wanda ko allura ce ta faɗa za a hango ta.

Masuncin da ke jefa birgi a Yauri, ko matashin Kano da ke zuwa fatsa dam ɗin Tiga ranar Asabar, ba irin wannan ruwan ne a gabansa ba. Nasa ruwan yana da laka, yana da ciyayi, launinsa tsakanin ƙasa-ƙasa da kore. Gilashin da ya dace da shi mai launin ƙasa ne ko na tagulla. Amma kafin a kai ga launi akwai tambayoyi biyu da suka fi shi nauyi, kuma su ne mai sayarwa ya fi saurin tsallakewa.

Ta farko ita ce ko gilashin yana tace ƙyalli, abin da ake buga wa tambarin Polarized. Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska, amma idan ya daki shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo, mafi yawansa a kwance yake kaɗawa. Wannan hasken na kwance shi ne farin ƙyallin da ke rufe fuskar ruwa, ya sa mutum yana ƙanƙance ido. Gilashi mai tacewa yana ɗauke da wata siririyar fata a ciki wadda take tare na kwance, ta bar na tsaye ya wuce. Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, shi ya fara samar da wannan fata a araha. Gilashin da ba shi da ita, komai baƙinsa, rage haske kawai yake yi: ya dushe ƙyallin, ya dushe kifin, duka daidai wa daida. Ba a samu komai ba.

Akwai ɗan lissafi a nan da ya kamata mai saye ya sani, domin shi ke nuna iyakar abin. Tun 1815 masanin Sikotilan David Brewster ya gano kusurwar da hasken da ya dawo yake zama na kwance zalla. A kan ruwa, kusurwar tana wajen digiri 53 daga tsaye, wato digiri 37 daga fuskar ruwan. Mutumin da ke tsaye a kwale-kwale, idonsa na nesa da ruwa kamar mita 1.8, inda gilashin zai fi yi masa aiki shi ne wajen mita biyu da rabi a gabansa. Idan a zaune yake, wurin ya matso kusan mita ɗaya da rabi. Can nesa kuwa, inda ido ke kallon ruwa a kaikaice, ƙyallin yana fin ƙarfin gilashin. Abin daɗin shi ne 'yan mitocin nan na kusa su ne dai filin aikin mai birgi. Idan kuma mutum ya karkata kansa gefe, tacewar tana raguwa, tunda fatar ta daina zama daidai da ruwan.

Gwada wannan ba ya bukatar ko sisi. A kunna fuskar laftof ko ta talabijin irin ta LCD, a leƙa ta cikin gilashin, a riƙa juya shi a hankali. Idan na gaske ne, za a kai wurin da fuskar za ta yi baƙi ƙirin. Wayoyi masu fuskar OLED ba a cika dogara da su a wannan gwajin ba, domin wasunsu launi kawai suke canzawa. Idan akwai gilasai biyu a hannu, a haɗa su fuska da fuska, a juya ɗaya ya gicciye ɗayan, nan ma ya kamata duhu ya rufe. Wannan hali yana da nasa ciwon kai: mai sanye da gilashin zai riƙa ganin fuskar wayarsa ko ta na'urar GPS tana dushewa idan ya juya ta. Ba lalacewa ta yi ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko tsada, domin ido take shafa, ba kamu ba. Tace ƙyalli daban, tare hasken UV daban. Gilashi yana iya yin ɗaya ya kasa ɗayan. UV shi ne ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona shi sannu a hankali, kuma tambarin UV400 yana nufin gilashin yana tare shi har zuwa nanomita 400. Babbar hujjar da likitocin ido ke kafawa da ita a kan wannan, daga masunta aka samo ta. A 1988 Hugh Taylor da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan mutum 838 masu sana'ar ruwa a mashigin Chesapeake na Amurka, suka gano cewa idan yawan UV-B da ido ya sha a tsawon rayuwa ya ninka, haɗarin wani nau'in yanar ido yana ƙaruwa da wajen kashi 60 cikin ɗari. A Nijeriya kuwa, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane. Ga kuma naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido ya nufi tsakiya, wanda rana da iska da ƙura ke haddasawa, kuma masu wuni a fili suka fi fama da shi.

Nan ne baƙin gilashin bakin titi yake zama abin tsoro. Idan duhu ya rufe ido, ƙofar haske da ke tsakiyarsa buɗewa take yi. In gilashin ba ya tare UV, to an buɗe ƙofa an kuma kori mai gadi. Gara a fita da malfa kawai a bar ido ya ƙanƙance da kansa. Sitikar UV400 kuwa kowa na iya buga ta, ba ta fi sitikar da ake manna wa cajar jabu daraja ba. Shagunan gilashin likita da dama suna da na'urar aunawa, kuma aikin bai wuce minti ɗaya ba. Wanda ba shi da wannan a kusa, ya ari ƙaramar tocilan nan ta UV da masu POS da 'yan canji ke duba kuɗi da ita. A haska takardar naira har alamominta na ɓoye su fito, sannan a sa gilashin tsakanin tocilan da takardar. Idan alamomin suka ci gaba da haskawa, a mayar wa mai kaya kayansa. Gwajin bai kai na na'ura ba, amma yana kama jabun da ya fi muni.

Sai an wuce waɗannan biyun maganar launi take da amfani.

Abin da yawancin masu saye ba su lura da shi ba shi ne, launin da ke walƙiya a waje ba shi ne launin gilashin ba. Madubin shafe ne kawai a saman fuska, yana mayar da ɗan haske baya. Launin gaske shi ne wanda ido ke gani daga ciki, kuma hanyar gane shi ita ce a sa gilashin a kalli farar takarda. Kamfanin Costa Del Mar na Fulorida, wanda ya yi suna da tabaran masunta, shuɗin madubinsa a kan gilashi ruwan toka yake ɗora shi, kuma ya ce na tsakiyar teku ne. Koren madubinsa a kan ruwan tagulla yake, na bakin gaɓa da koguna. Oakley ma ya raba nasa gida biyu, Prizm Deep Water da Prizm Shallow Water. Wato su kansu masu abin ba su ce shuɗi na kowane ruwa ba ne. Masu kwaikwayonsu ne suka ɗauki wanda ya fi kyau a hoto suka cika kasuwa da shi.

Ruwan toka yana rage dukkan launuka daidai, ya bar duniya yadda take, sai dai ta ɗan yi duhu. A tsakiyar teku, inda babu abin gani sai shuɗin ruwa da rana mai dukan ido, hakan ake so. Ruwan ƙasa da na tagulla kuwa suna zaftare shuɗin haske fiye da sauran. Shuɗin haske shi ya fi warwatsuwa a iska da cikin ruwa, shi ke sa abubuwa su yi hazo-hazo. Da an rage shi, bambancin kore da ja da ƙasa-ƙasa sai ya fito. Bayan karfasa a kan yashi, ramin da ta haƙa don ƙwai a ruwa marar zurfi, inuwar bargi a gefen ciyawa, duk abubuwa ne masu launin ƙasa a kan ƙasa, kuma ɗan bambancin nan shi ne ganinsu ko rashinsa. A lokacin hunturu ma, da ƙura ta sa gari ya yi fari fat, ruwan ƙasa ya fi toka fito da gaɓa da sauran jirage.

Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam ɗin a 1968, misali ne mai kyau, domin ruwansa kala biyu ne a shekara. Akwai cikowar da masu bincike ke kira farar ambaliya, wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwan daminar yankin, har da na kogin Sakkwato da Rima, ke shigowa da laka. Akwai kuma baƙar ambaliya, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ya iso da ɗan haske. A baƙar ambaliya gilashin tagulla yana nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa na kusa, har da kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye, waɗanda masu jirage ke tsoro. A farar ambaliya kuwa babu gilashin da zai ratsa laka, ko na dala 200 ne. Ƙyalli yake cirewa, ba taɓo ba. Amfaninsa a lokacin bai wuce hutar da ido da ganin motsin igiyar fatsa ba.

Wani zai ce Sarkawa sun shekara ɗaruruwa suna su ba tare da tabarau ba, kuma da gaskiyarsa. Tsohon masunci da kumfa da rawar ciyawa yake karanta ruwa. A gasar Argungu, inda dubban mutane ke afkawa kogin Matan Fada da homa da gora, ruwan kan dame cikin 'yan mintuna, hannu ne ke gani ba ido ba. Mai mamari da mai kalli da ke dasa kayansu da yamma su ɗebe da asuba su ma ba ganin kifi suke bukata ba. Duk wannan yana rage darajar maganar launi ne kawai. Bai taɓa maganar UV ba, tunda rana ba ta tambayar irin komar da mutum ya riƙe.

Rawaya fa? Ana tallarsa a matsayin na asuba da magariba, har da tuƙin dare. Da sassafe ko ranar hadari yana taimakawa, domin yana barin haske da yawa ya shiga. Amma akwai wata 'yar gaskiya ta kimiyya: fatar tace ƙyalli tana cinye aƙalla rabin hasken da ya zo mata. Saboda haka rawayan gilashin da ke da haske tas kamar na karatu, an kuma rubuta masa Polarized, akwai alamar tambaya a kansa. Da rana tsaka kuma rawaya azaba ce. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, kada ya fara da shi.

Duhun gilashi ma yana da lamba, daga 0 zuwa 4, galibi a jikin hannun tabaran ake buga ta. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske, ita ce ta ranar Arewa. Lamba 2 tana barin 18 zuwa 43, ta safiya da lumshi. Lamba 4 ta yi duhun da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce ba a tuƙi da ita, abin lura ga wanda zai hau babur ya koma gida da gilashin a fuska.

Game da abin da aka ƙera shi da shi, gilashin ƙwarai ya fi jure karce, amma yana da nauyi kuma yana fashewa. Ga mai aiki da ƙugiya da dalmar birgi, robar folikabonet ta fi kwanciyar hankali: ƙugiyar da ta kuɓuce ta dawo da ƙarfi ba ta cika fasa ta ba, kuma ita kanta robar tana tare kusan dukkan UV tun kafin a shafa mata komai. Masu arahar da aka rubuta wa TAC sirara ne, suna aiki, sai dai ruwa da zafi kan sa su fara ɓarewa daga gefe. A nemi firam mai lanƙwasa da ya rufe gefen ido, domin a kan ruwa babu inuwa, haske ta ko'ina yake zuwa. A ɗaura masa igiya a wuya, tunda tabarau ba ya iyo. Ranar ƙura kuma a zuba masa ruwa kafin a goge, kada a kai masa bakin riga a bushe, domin ƙurar hunturu yashi ce, kuma shafen madubin nan shi take fara ci.