A Canja Makunnin Wuƙar Injin Yanke Ciyawa, Kada A Haɗa Waya Kai Tsaye

Da yawa daga cikin injinan yanke ciyawa na hawa da ake aiki da su a gonakin itatuwan marmari da filayen makarantu da cibiyoyi tsofaffi ne, gwanjon Amurka da Turai, irin su John Deere da Husqvarna da Craftsman. Cikin abubuwan da kan lalace a jikinsu akwai makunnin da direba ke ja sama domin wuƙaƙe su fara juyawa. Idan damina ta yi nisa, danshi da ƙura sukan ci ƙarafan cikinsa, sai a ja shi a ji shiru. Nan ne akan kira mai rewaya, ya yanke wayoyi biyu ya murɗe su wuri guda, ko ya ɗaura makunnin fitila, a ce an gama. A ganina wannan ba gyara ba ne, kuma wajibi ne malaman gona su hana shi duk inda suka tarar.

Wanda ya ciro makunnin ya duba bayansa zai ga ƙafafu biyar, ko bakwai, ko takwas. Biyu kawai ake bukata wajen kai wutar batir, bolt 12, zuwa ga kulocin lantarki da ke ƙarƙashin inji, wanda idan ya kama sai bel ya juya wuƙaƙe. Sauran ƙafafun akasari na tsaro ne. Su ke hana inji tashi muddin wuƙa na kunne, kuma tare da wani makunni da ke ƙarƙashin kujera, su ke kashe inji idan direba ya sauka ko ya faɗo. Haɗin kai tsaye yakan soke wannan tsaro. Bakin wuƙar nan kuwa gudunsa ya kai kimanin kilomita 300 a awa. Lebura ya sauka domin ya janye reshe ko waya daga gaban inji, ƙafarsa tana dab da wuƙa mai juyawa. Masu cewa makunni na asali yana da tsada, kuma sai an aika Legas kafin a samu, ba ƙarya suka yi ba. Amma ciyawa tana iya jiran mako guda, ga adda kuma.

Sai dai kada a yi gaggawar ɗora wa makunni laifi. A fara duba fis, sannan batir, domin batir mai rauni ba ya riƙe kuloci, musamman idan inji ya yi zafi. A auna kulocin kansa da mita: yawancinsu sukan nuna om 2 zuwa 4. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, wayar cikinsa ta ƙone, tana jan wuta fiye da kima, kuma za ta cinye sabon makunni kamar yadda ta cinye tsohon. Soket da ya narke ko ya yi baƙi alama ce ta wannan.

Canjin kansa ba shi da wuya. A kashe inji, a zare makulli, a cire wayar batir ta baƙi. A ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a taɓa su. A zare soket, a matse kunnuwan roba da ke riƙe da makunnin ta ƙarƙashi, a turo shi sama. Wajen saye a tafi da tsohon da kuma lambar injin, saboda makunnai biyu kan yi kama, ƙafafunsu daidai, amma haɗin cikinsu dabam.

Bayan an ɗaura, a gwada a fili, babu kowa kusa. A ja makunni sama a murɗa makulli: kada inji ya tashi. A tura shi ƙasa, a tayar, a kunna wuƙa, sannan direba ya ɗan ɗaga jikinsa daga kujera. Idan inji ko wuƙa bai tsaya cikin 'yan daƙiƙu ba, a bi wayar kujera, domin da wuya ba a taɓa yanke ta ba.