Kafin A Ɗora Wa A-Kori-Kura Ƙarfe

A makon jiya wata buƙata ta kai ni wajen masu walda a kan hanyar Baga, nan cikin Yerwa, inda na tarar da wani saurayi ya kawo sabuwar Hilux ana yi mata ado. An riga an liƙa mata ƙaton ƙarfe a goshi, an jera fitilu shida a bisa kanta, ana kuma cikin ƙera wani keji a kan bodi inda ya ce zai ɗora tanti, ya riƙa kwana a sama kamar yadda ya ga Turawan Ostireliya da Amurka suna yi a cikin bidiyo. Nufinsa shi ne idan sanyi ya shigo ya kwashi abokansa su tafi ganin tuddan rairayi na Yusufari da dausayin Bulatura a Jihar Yobe, su kwana biyu a daji.

Ni dai ban ga laifin wannan buri ba. Bulatura wani yanki ne na gandun dajin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma abin kunya ne a ce mutumin Borno ya san hamadar Dubai a waya alhali bai taɓa ganin wadda ke bayan gidansa ba. Abin da ya dame ni shi ne ta inda saurayin ya fara.

A gefe guda akwai wani dattijo zaune a kan benci, wanda na ji ana cewa ya shekara talatin yana ɗauko busasshen kifi daga Baga, tafiyar kusan kilomita 200, tun zamanin Land Rover da Fijo 404. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya ka ga wannan aiki?" Bai amsa mini ba, sai ya tashi ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, sa'an nan ya tambayi saurayin ina famfon iskarsa, ina kuma shebur. Babu ko ɗaya. Dattijon ya koma ya zauna abinsa.

To, bari mu yi lissafin da dattijon bai tsaya yi ba. Irin wannan mota ba ta wuce ɗaukar kimanin kilo 1,000, kuma a cikin wannan adadi har da mutanen da ke zaune. Maza biyar, a ƙiyasi, kilo 350 ke nan. Duron ruwa mai lita 200 nauyinsa kilo 200 ne, ban da duron kansa. Jarka huɗu ta man dizal, kowace lita 25, za su kai kilo 85. Safayar taya biyu, a ce kilo 60. Ƙarfen goshi da kejin nan ba za su gaza kilo 150 ba. Mun tashi 845, ba a ɗora buhun shinkafa ba, ba risho, ba tanti, ba akwatin kayan gyara. Watau kowane kilo na ƙarfen ado da aka liƙa, an sauke litar ruwa ɗaya ke nan daga guzurin mutane. Bugu da ƙari, nauyin da aka ɗaga sama shi ke sa mota ta yi saurin kifewa idan ta hau gefen tudu, shi ya sa direbobin daji suke ajiye ruwa da mai a ƙasan bodi, kusa da bayan direba, su bar tabarmi da gidan sauro a sama.

Ƙasarmu iri biyu ce, kuma kowace da halinta. Gabas, wajen Dikwa da Marte da Ngala, baƙar ƙasa ce ta firƙi, wadda da rani take tsagewa ta yi tauri, amma da ta sha ruwan sama sai ta zama taɓo mai riƙe taya. Wannan ba ta da magani sai haƙuri, a jira ta bushe. Arewa kuwa, daga Gubio zuwa Damasak, da can Gaidam zuwa Yusufari, rairayi ne, shi kuwa rairayi yana da dabara.

Dabarar ba ta kuɗi ba ce. Da an bar kwalta sai a tsaya a rage iskar tayoyi huɗun nan kamar rabi, domin taya ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Ana sa giyar ja da ƙafa huɗu tun kafin a shiga wuri mai laushi, ba bayan an kafe ba, a kuma riƙe gudu madaidaici, ba a taka birki da ƙarfi. In mota ta kafe, kada a yi ta ba ta wuta, don ƙara binne kanta za ta yi, kuloci kuma ya ƙone. Sai a sauka, a haƙe gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa farantan ƙarfe ko katako. Jak ma ba ya aiki a rairayi sai an sa masa faffaɗan katako a ƙasa. Da an koma kwalta kuma dole a mayar da iska, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska zafi take ɗauka har ta fashe. Wannan shi ne amfanin famfon da dattijo ya tambaya. Sauran su ne fanbel da tiyon lagireto na ajiya, da igiyar ja mai ƙarfi, da matatar iska ta biyu saboda ƙurar hunturu. In za a kashe kuɗi a kan ƙarfe, to a ƙara ganyen sifirin na baya, a sa faranti a ƙarƙashin inji.

Batun ruwa kuwa ba na wasa ba ne a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan da motocin da suka ɗauko su suka lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su. Don haka ake lissafa wa kowane mutum aƙalla lita biyar ta sha a rana, a ƙara ta kwanakin da ba a yi niyya ba, kuma ba a shiga daji da mota ɗaya.

Akwai wata magana kuma wadda ba za a ji ta a bidiyon Turawa ba. A wannan yanki namu a-kori-kura ta daɗe da zama kayan yaƙi. A watan Janairu na 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da motocin Toyota waɗanda Faransa ta ba su, har aka riƙa kiran wannan faɗa da sunan Yaƙin Toyota. Tun da fitinar Boko Haram ta tashi a 2009 kuwa, soja da 'yan ta'adda duka irin motar nan suke hawa. Saboda haka mai Hilux da ya yi mata fenti launin ƙasa, ya rufe gilashi da baƙi, ya jera fitilu, ya tunkari shingen bincike da almuru, bai san yadda wanda ke riƙe da bindiga yake kallonsa ba. Farar mota mai lamba a bayyane, da takardu a hannu, ita ce ta fi. Kafin a tashi kuma a tambayi jami'an tsaro da ofishin gandun dajin ko hanya ta biyu, in an isa a fara gaida hakimi ko bulama, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora. Gaɓar Tafkin Chadi dai, a ganina, a bar ta tukuna.

Da zan tafi na ji saurayin yana ciniki da mai walda a kan a rage tsawon kejin. Dattijon kuwa ya aiki yaro ya ɗauko masa wani tsohon famfon ƙafa daga gida, ya ce aro ne, a dawo masa da shi.