JININ DASASHI BA "MUGUN JINI" BA NE, MU DAINA RUƊIN KANMU

Yau ba siyasa zan yi ba, amma na san wasu za su ji zafin maganar nan fiye da ta siyasa. Duk wanda ta taɓa ya yi haƙuri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Makon jiya na je gaisuwa wani ƙauye can wajen bakin iyaka, gidan 'yan uwa ne. Ina shiga na tarar da wata yarinya, shekararta ba ta wuce 4 ba, a kwance kan tabarma, yawu na ta dalala, kuncinta na hagu ya kumbura, bakin kuma wani irin wari yake da ba ka iya tsayawa kusa. Ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Na ce a buɗe bakin in gani. Wallahi dasashin duk ya ɗaye, da an taɓa sai jini.

Na ce, "Gwaggo, yarinyar nan tun yaushe?"

Ta ce, "Kwana huɗu ne. Iska ce ta buge ta, mun karɓo turare, ga rubutu tana sha."

Na ce, "Gwaggo, a ci gaba da addu'a, amma don Allah a ba ni ita mu tafi asibiti yanzu."

Ta ce, "Kai ɗan nan, ku 'yan boko komai asibiti. Ciwon baki ne fa kawai."

Uwar yarinyar na gefe, kanta a sunkuye, hawaye kawai take, ba ta da ta cewa a gaban surukarta. Sai da na kira uban a waya, muka yi kamar za mu ɓata, sannan aka yarda. Da muka je, ma'aikacin da ya duba ta bai ɓoye mana ba, ya ce farkon zaizayar baki ce, da an ƙara kwanaki da naman kuncin ya fara mutuwa. An sa ta a magani, ana wanke bakin, ana ba ta abinci mai gina jiki. Alhamdu lillahi kumburin ya saɓe. Amma ni tun ranar barcina bai daidaita ba, don na san gida nawa ne a Yardaje, da Rogogo, da Kawarin Kudi, da cikin garin Zango kanta, ake kallon irin wannan ana cewa "ciwon baki ne kawai".

Ga wanda bai sani ba, zaizayar baki ita ce likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba. Cuta ce da ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Daga dasashi take farawa: kumburi, jini, gyambo, warin baki. Daga nan kunci ya kumbura, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta ci nama, ta ci ƙashi, ta huda fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 da ta kama mutuwa suke. Wanda ya rayu kuma ya rayu da tabon da zai hana shi ci, ya hana shi magana sosai, ya hana shi shiga mutane. Da yawanmu muna yara mun san wani bawan Allah a kasuwa da kullum yake rufe rabin fuskarsa da ƙyalle, muna gudunsa muna cewa mayu suka lashe shi. Allah Ya yafe mana. Ashe ciwon dasashi ne da aka raina yana ɗan yaro.

Kuma kada wani ya ce cutar wata ƙasa ce. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da su tun 2014, ana gyaran fuska kyauta. A Damagaram, nan kusa da mu, ƙungiyar Sentinelles ta shafe shekaru tana karɓar irin waɗannan yara. Najeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. In babu marasa lafiyar, wa ake gina wa asibitin? 'Ya'yanmu ne, 'ya'yan Hausawa da Fulanin karkara. Abin takaicin, in an kama ta tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai kyau sun isa. In aka bari ta huda kunci, sai tiyata kan tiyata, da tafiyar yini guda zuwa Sakkwato.

To bari in dawo kanmu manya, don daga wajenmu rainin ya samo asali.

Mutum zai yi asuwaki ya tofar ya ga jini, ya ce "mugun jini ne ke fita". Malam, babu wani mugun jini. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Abin da ke faruwa shi ne, kullum akwai wani farin datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. In ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kanta, wannan mai tauri da kake gani a bayan haƙoran ƙasa. Ita kanta ko ka kwana kana gurza ba ta fita, sai an kankare a asibiti. Ita ke sa dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan matakin yana warkewa tas. In aka ƙyale, sai dasashin ya fara ja da baya, rami ya buɗe tsakaninsa da haƙori, cutar ta gangara ta fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ga magidanci ɗan shekara 45 haƙoransa na girgiɗi, nama ya gagare shi, rake ya gagare shi, ana cewa tsufa ne. Wane tsufa a shekara 45?

Kuma abin ba ya tsayawa a baki. Mai ciwon suga, ciwon dasashi na sa sugansa ya ƙi daidaita, sugan kuma na ƙara rura ciwon dasashin. Mai shan sigari shi nasa ya fi muni, don hayaƙin na ɓoye jinin, cutar na ci ta ƙarƙashi bai sani ba. Mai ciki ma dasashinta na saurin kumbura, tana bukatar ƙarin kula, ba wai ta daina goge baki don ta ga jini ba. Warin baki kuwa, Allah kaɗai Ya san aure nawa ya sanyaya. Matar tana kawar da kai, kunya ta hana ta faɗa, shi kuma yana can yana neman wanda ya shiga tsakaninsu.

Na san abin da za a ce mini. Na farko: "Kakanninmu ba su san makilin ba, kuma sun mutu da haƙoransu." Wasu kam haka ne. Amma kakanka bai karya da shayi mai suga cokali huɗu ba, bai kora da lemon kwalba ba, ba a cika masa aljihu da alawa da cingam da biskit yana ɗan shekara uku ba. Fura ce da tuwo da kunu. Kuma asuwaki ba ya rabuwa da aljihunsa. Kai ka ɗauki sugan zamani, ka yar da asuwakin kaka, sannan kana kafa hujja da kaka?

Na biyu: "Talauci ne." Talauci gaskiya ne, ba na musu, a cikinsa muke. Amma bedi nawa ne a ƙofar gidajenmu? Nawa ake sayar da reshensa? Gishiri da ruwan ɗumi na kurkure baki nawa ne? Wanda ke sayen goro kullum, ya sa kati a waya kullum, kada ya ce mini buroshin da zai yi wata uku ya fi ƙarfinsa. Mai fama da abin da zai ci, wannan daban, kuma shi ne zan yi wa hukuma magana a kansa.

Na uku: "Ƙaddara ce." Mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana asuwaki. Duk ɗan Islamiyya ya san yadda Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da shi a kowace salla, har saura kaɗan ya wajabta, tsoron tsananta wa al'umma ya hana. Sau biyar muke alwala muna kurkure baki. A ce al'ummar da ke da wannan ce 'ya'yanta ke ruɓewar baki? Wallahi abin kunya ne.

Sai masu cin kasuwa da ciwonmu. Mai lasifika a kasuwa ya turara maka hayaƙi, ya nuna maka wasu farare a ruwa ya ce ga tsutsar haƙorinka ta fito. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin suga su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori. Wani ya ɗiga ruwan batir a kogon, wani fetur, wani ya danna ƙwayar asfirin a dasashi har ta ƙone naman. Wani ya zauna a cire masa haƙori da filaya ɗaya da aka cire wa mutum biyar, ba a dafa ta ba, ya je neman sauƙin haƙori ya dawo da ciwon hanta. Ciwon ya lafa kwana biyu ka ce magani ya ci, alhali jijiyar ce ta mutu, ruɓar na nan tana tara mugunya.

Iyaye mata, ku ma ga taku. Yaro na zawo, jikinsa zafi rau, a ce "haƙori yake". Fitar haƙori na sa ƙaiƙayin dasashi da yawu da rigima, amma zazzaɓi mai zafi da zawo cuta ce, a kai shi a duba. Kuma a yi hattara da "maganin haƙori" na kan tebur. A 2008 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, har da Zariya, saboda guba da ke cikinsa. Wasu kuma na cewa haƙoran nono ai faɗuwa za su yi, me za a goge? Su 20 ɗin nan su ke riƙe wa na dindindin wuri. Kuma wajen shekara 6 turmin farko na dindindin ke fitowa can ciki, iyaye su ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe.

Abin yi ba shi da wuya. Jariri tun kafin haƙori a riƙa share masa dasashi da tsumma mai tsafta. Haƙorin farko na fitowa, wajen wata 6, a fara gogewa. Ɗan ƙasa da shekara 3 a ɗiga masa makilin kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, kuma babba ya tsaya a kansa, kada a miƙa masa buroshi a juya baya. Kowa ya goge sau biyu, safe da kafin barci, na daren ya fi muhimmanci. A bi gindin haƙori a hankali, ciki da waje, ba gurza kamar ana wankin tukunya ba. Mai asuwaki ya yanke bakin da ya tsufa, ya kai shi har turamen ciki, ba haƙoran gaba kaɗai na gaisawa da mutane ba. Gawayi da toka da yashi suna cinye fatar haƙori, a bari. Kowa da buroshinsa. Jini ya wuce mako biyu ana gogewa bai tsaya ba, a nemi likitan haƙori. Yaro kuwa in ka ga gyambo a dasashi da wari da kumburin kunci, ranar za a tafi, ba gobe ba. A kai yara rigakafin ƙyanda a wata 9, a koma na biyu a wata 15.

Yanzu ga hukuma. A wata shidan farko na 2025, MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina. Inda tamowa ta yi sansani, zaizayar baki na bayanta. Shugabannin ƙananan hukumomin Zango, Ɓaure, Sandamu, Mai'aduwa da Daura, da kansiloli, da 'yan majalisarmu: me zai hana duk ma'aikacin da ke auna yaro ko ɗiga masa rigakafi a koya masa ya buɗe bakin yaron ya duba? Minti ɗaya ne. Me zai hana a kawo masu kankare haƙori ko sau ɗaya a wata, maimakon talaka ya yi kuɗin mota zuwa birni? Lokacin zaɓe kun san hanyar kowane ƙauye da taliya da atamfa. Hanyar ba ta canza ba.

Malamanmu, huɗuba ɗaya a kan asuwaki da bakin yara za ta kai inda ma'aikacin lafiya ba zai kai ba. Masu unguwanni da dagatai, ku sa baki. Malaman firamare da na allo, da ana duba farce da safe, a dawo da shi a haɗa da baki. Mazaje kuma, ku ba matanku izini tun yanzu: in yaro ya kwanta, ta kai shi asibiti ko ba ka gida. Yarinyar da na ba ku labari, jiran izini ya kusa cinye mata fuska.

Yau da daddare, kafin yaranka su kwanta, haska fitilar wayarka ka ce su buɗe baki. Ka duba da idonka. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka san abin yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Wanda na ɓata wa ya yafe ni.

Daga Zangon Daura.